BAYAN KYAMARA: Kwamfutar Da Ba A Yarda Kowa Ya Taɓa Ba

A wannan watan ba labarin wadda ta yi aure ko waɗanda suka ɓata da juna a lokeshin na kawo maku ba, don haka masu neman tsegumi sai ku yi haƙuri ku buɗe shafi na gaba. Maganar wata tsohuwar kwamfuta ce, wadda saura ƙiris in sha mari a kanta.

Kwanakin baya na je wani situdiyo a nan Kano domin in yi hira da wani furodusa, irin waɗanda suka ga jiya suka ga yau a wannan harka. Niyyarsa ya ɗora tsofaffin finafinansa a YouTube. Amma ya ce shi ba daga faifan sidi na kasuwa zai kwafa ba, irin wanda idan jaruma ta juya da sauri sai ka ga fuskarta ta farfashe gida-gida. Daga kaset na asali yake so a kwaso, wato mastan da ya adana tun lokacin da ake yayin Sangaya da Wasila. Ya kawo su a cikin kwalin taliya, ƙananan kaset-kaset na MiniDV, wasu an rubuta suna da biro, wasu kuma sai dai a saka a gani.

Ina zaune ina jiran ya gama sallamar baƙi, sai na ga cajin wayata ya kusa ƙarewa. Ga wata kwamfuta a lungu, fara ce amma ta koma ruwan ƙasa, fankarta na ƙugi kamar injin markaɗe. Na zaro waya zan soka, sai kawai na ji an daka tsawa daga bayana: "Kai! Kai ɗan jarida, tsaya!" Editan ne, dattijo mai furfura a gemu. Ya taso har yana tuntuɓe da kujera. Da ya ga ban kai ga sokawa ba sai ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Yi haƙuri ɗana, ba ka ga takarda ba ne?" Na duba, ashe kuwa akwai wata takarda an manna da salatif: ba a saka filash, ba a saka waya, ba a haɗa intanet.

Na ce, "Baba, to me ake yi da ita?" Ya ce ai ita ce situdiyon.

To, a nan hirar da na zo yi ta koma gefe. Kwamfutar nan Windows XP ce a kanta, wadda ta fito a 2001, lokacin ni ko makarantar allo ban fara zuwa ba. A cikinta akwai katin kwasar hoto na wancan zamanin, da Adobe Premiere 6.5 ta shekarar 2002, kuma da su aka tace da yawa daga cikin finafinan da ke cikin kwalin. Akwai ma ayyukan da ba a taɓa fitarwa gaba ɗaya ba: waƙar da aka yanke, fitowar da aka rage saboda tsawon kaset. Waɗannan suna nan a tsarin da tsohon katin ne kaɗai yake karanta shi daidai. Shi kuma katin ba ya aiki sai da wata 'yar manhaja da ake kira direba, wadda ke yin tafinta tsakaninsa da Windows. An rubuta direban ne don XP, kuma daga nan ba a sake rubuta wani ba. Idan ka cire katin ka kai shi sabuwar kwamfuta, to, ƙarfe kawai ka saka mata.

Me ya sa sabuwa ba za ta karɓa ba? Ba wulaƙanci ba ne kawai. Shi direba ba kamar sauran manhajoji yake ba, a can cikin ƙuryar ɗakin babbar manhaja yake zaune, inda duk abin da ya ga dama zai iya yi. Ɓarayin kwamfuta sun daɗe da gane haka, sai su riƙa shigar burtu da sunan direba. Shi ya sa tun daga Windows Vista, a nau'inta mai bit 64, Microsoft ya kafa doka cewa ba direban da zai shiga sai mai ɗauke da sa-hannun da aka tantance. Windows 11 kuwa, wadda ta fito a 2021, ba ta ma da nau'in bit 32 kwata-kwata, kuma tana da jerin tsofaffin direbobi masu rauni da take ƙin buɗe wa ƙofa. Ƙofar da aka rufe wa ɓarawo ita ce dai aka rufe wa katin Baba.

Ita kuma XP, Microsoft ya daina yi mata faci tun ranar 8 ga Afrilu, 2014. Ma'ana duk wata ɓaraka da aka gano a jikinta daga wannan rana, haka za ta zauna a buɗe. Ka ga kenan gaba kura baya sayaki. In ya koma sabuwa, ya yi asarar aikin shekaru. In ya zauna a tsohuwa, yana kwana a gidan da ba ƙyaure.

Da na tambaye shi ko an taɓa yi masa ɓarna, sai ya yi shiru na ɗan lokaci. Ya ce a da kwamfutocin biyu ne. Wani yaronsa ne ya soka filash ɗin wani mawaƙi a ɗayar domin ya kwafar masa waƙa. Washegari duk jakunkunan aiki suka koma 'yan kibiyoyi, ka danna ba abin da zai buɗe. Duk wanda ya yi zaman shagon turi ya san wannan cuta. Ita a karan kanta ɓoye kaya take yi, ba cinyewa ba, amma mai gyaran da aka kira bai tsaya bincike ba, sai ya wanke kwamfutar tas ya sake zuba Windows. Fim biyu suka tafi a ranar. Tun daga nan aka manna takarda.

Wannan cuta ta filash ma tana da tarihi. A da can, Windows tana da wata ɗabi'a ta karamci: da zarar ka saka faifai ko filash, ita da kanta za ta buɗe abin da ke ciki ta fara aiki da shi. An yi haka ne don sauƙi, ka saka faifan manhaja ya tashi da kansa ba sai ka nemo ba. Masu rubuta bairos suka ce tafi nono fari. Tsutsar Conficker da ta ɓulla a 2008 har da wannan hanya ta bi ta yaɗu a miliyoyin kwamfutoci. Sai a Windows 7 aka hana filash tashi da kansa, sannan a Fabrairun 2011 aka tura wa XP da Vista irin wannan gyara. To amma wa ya karɓi gyaran a wajenmu? Kwamfutar da ba ta taɓa ganin intanet ba, ko wadda aka kashe mata sabuntawa tun ranar da aka saye ta?

Da na koma gida na zauna na yi ta karatu a kan abin, sai na ga ashe rigimar ta fi ƙarfin situdiyon Baba. Kamfanonin da ke yin babbar manhaja su ma a tsaka mai wuya suke, kuma kowanne da inda ya karkata.

Microsoft dai tun asali ɗan lallami ne. Akwai labarin da wani tsohon ma'aikacinsu, Joel Spolsky, ya bayar game da wasan SimCity. Wasan yana da kuskure a rubutunsa, yana komawa ya yi amfani da wurin ajiyar da ya riga ya saki. A tsohon tsari hakan bai dame shi ba, amma a Windows 95 sai ya riƙa faɗuwa. Maimakon su ce laifin mai wasan ne, sai suka saka wa Windows ɗin wani sharaɗi na musamman: idan ta ga SimCity ne, ta ɗaga masa ƙafa. Dalilinsu a fili yake, mai saye ba ruwansa da wanda ya yi kuskure, shi dai ya san jiya abinsa na aiki, yau ya saka sabuwar Windows ya daina. Wannan lallami shi ya sa duniya ta riƙe Windows. Kuma shi ne ya sa ta riƙa jan tsofaffin kaya a bayanta kamar amalanke.

Ɗaya daga cikin kayan shi ne SMB1, wata tsohuwar hanyar musayar fayil tsakanin kwamfutoci wadda asalinta tun shekarun 1980 ne. An bar ta a kunne shekara da shekaru saboda tsofaffin firintoci da rumbunan ajiya na ofisoshi da ba su jin wani yare sai ita. Ranar 12 ga Mayu, 2017, ta nan WannaCry ya shigo. Cuta ce mai kulle fayilolinka ta ce sai ka biya dala 300 da kuɗin bitkoyin. Cikin 'yan kwanaki ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150. A Ingila asibitocin gwamnati suka rikice, aka soke ganin likita da tiyata kimanin 19,000. Abin ya kai har Microsoft ya karya dokarsa ya fitar wa XP da faci na gaggawa, shekara 3 bayan ya ce ya sallame ta.

Amma ga wani abu da ya kamata a faɗa saboda adalci. Yawancin kwamfutocin da WannaCry ya kama ba XP ba ne, Windows 7 ne, wadda a lokacin ana kan kula da ita. Kuma facin da zai toshe ɓarakar ya fito tun watan Maris, wata biyu kafin harin. Mutane ne ba su saka ba. Wasu sakaci, wasu kuma tsoro: kada a sabunta, manhajar da ake aiki da ita kullum ta daina tashi. Irin tsoron Baba kenan, sai dai su ba su cire wayar intanet ba.

Apple kuwa ba ya lallami, wuƙa yake sawa. Editocin da suka yi zamani da Final Cut Pro 7 sun san zancen. A 2011 aka fito da Final Cut Pro X, wadda ko buɗe aikin da aka yi da ta bakwai ba ta yi. A 2017, da macOS High Sierra ta zo, ta bakwai ɗin ta daina tashi. A 2019 Catalina ta kori duk wata manhaja mai bit 32, tare da wasu tsofaffin nau'o'in bidiyo na zamanin QuickTime 7, har kamfanin ya riƙa gargaɗin mutane su sauya fayilolinsu kafin su sabunta. Sai kuma a 2025, macOS Tahoe ta ajiye FireWire gaba ɗaya, wato wayar da ake jona kyamarar MiniDV da kwamfuta. Gidan Apple ya fi tsafta, ba musu. Amma wanda ya ajiye kayansa a ciki ya yi tafiya, yana iya dawowa ya tarar an share har da su.

Wanda ya fi ba ni dariya, dariyar takaici, shi ne abin da ya faru da QuickTime na Windows. A Afrilun 2016 masu binciken tsaro na Trend Micro suka bayyana ɓaraka biyu a jikinsa, kuma aka sanar cewa Apple ya daina yi masa gyara. Hukumar tsaron cikin gida ta Amurka ta ce kowa ya cire shi. Masu tace fim suka ce a cire a yi aiki da me? Domin a lokacin manhajojin Adobe a kan Windows sun dogara da shi wajen karanta wasu nau'o'in bidiyo, har da ProRes. Gwamnati na cewa cire, aiki na cewa bari. Sai daga baya Adobe ya gina nasa hanyoyin, har ya kai ga fitar da ProRes kai tsaye a Windows a ƙarshen 2018. Ina mai tabbatar maku, ku leƙa kwamfutocin editocinmu, za ku tarar da wannan QuickTime ɗin yana nan zaune a wasu, ba wanda ya san me yake yi, ba kuma wanda ya yarda a taɓa shi.

To, wa ke da gaskiya? Ni dai a nawa ɗan ganin, Baba ya fi mu gaskiya, mu yaran yanzu. Na ce mu, domin ni ma da nake makarantar kimiyya da fasaha haka muka yi. Ka sayi laftof ta hannu, ka kai wa mai zuba manhaja. Abu na farko da zai yi shi ne ya kashe mata riga-kafin bairos, don in bai kashe ba za ta kama Premiere ɗin sata da zai zuba maka. Na biyu ya kashe sabuntawa, wai tana cin data, kuma tana iya lalata satar. Shi kenan, ka fita da kwamfuta tsirara kana murna an yi maka aiki. A kanta za ka tace shiri mai dogon zango da ba a saki ba, a kanta za ka buɗe WhatsApp, a kanta za ka sauko da fim ɗin Indiya daga shafin da ko sunansa ba ka iya faɗa. Baba tsohuwar kwamfuta gare shi amma ya san tsohuwa ce, ya killace ta. Mu tamu sabuwa ce a ido, amma mun mayar da ita XP da hannunmu.

Na san amsar da za a ba ni: kuɗi. Gaskiya ne, tun 2013 Adobe ya koma tsarin haya, kana biya wata-wata ko shekara-shekara, kuma da kuɗin waje. Editan da furodusa ke biya rabi ya ce sauran sai fim ya fita, ina zai samo? Ban raina wannan uzuri ba. Amma akwai DaVinci Resolve ta kamfanin Blackmagic Design, wadda ke da nau'in kyauta na halal, kuma ana aikin manyan finafinai da ita. Tana son kwamfuta mai ƙarfi, kuma sai an zauna an koya. Wannan zaman koyon ne ba mu so.

Wanda yake ganin ai mu ƙanana ne, wa zai kula mu, to ya ji labarin Larson Studios. Ƙaramin kamfani ne na gyaran sauti a Hollywood, na iyali. A ƙarshen 2016 wasu masu kutse da ke kiran kansu The Dark Overlord suka shiga rumbunsu. Kamar yadda mutanen kamfanin suka shaida wa mujallar Variety daga baya, ba su aka nufa ba tun farko. Ɓarayin suna yawo ne a intanet suna neman kwamfuta mai tsohuwar Windows da za su iya buɗewa, sai suka ci karo da wata mai Windows 7 a situdiyon. Suka kwashi shirye-shiryen manyan kamfanoni da ba a saki ba. Masu situdiyon suka biya bitkoyin 50, kimanin dala 50,000 a lokacin, don a rufa asiri. Duk da haka a Afrilun 2017 aka watsa kashi 10 na zango na biyar na Orange Is the New Black, shirin Netflix, tun kafin ranar fitarsa. Kuɗi sun tafi, aiki ya fita, amana ta zube. Yanzu ka ɗauka shirin da ake jira duk mako a YouTube ne kashi goma nasa suka faɗa hannun 'yan turi. Furodusan zai tashi kuwa?

Kuma maganar tana ƙara matsowa kusa. Windows 7 an sallame ta a Janairun 2020. Windows 10 ma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoba, 2025, sai dai ƙarin lokaci na wucin gadi ga wanda ya yi rajista. Windows 11 kuma tana da sharuɗɗa: sai kwamfuta na da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, sannan in ta Intel ce injinta ya kasance daga ƙarni na 8 zuwa sama, in ban da 'yan kaɗan. Da yawa daga cikin laftof na hannu da editocinmu ke alfahari da su ba su cika wannan ba. Wato abin da ya sami kwamfutar lungu yana kan hanyarsa zuwa teburin kowa.

Sai dai shi ma Baba ban bar shi haka ba. Na ce masa takardar nan tana hana bairos, amma ba ta hana tsufa. Ranar da wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona katin nan, a wace kasuwa za a samo wani? Sannan dole aikin da aka kwaso ya fita daga cikinta, ta ina yake fita? Ya nuna mani wani rumbun ajiya guda ɗaya da ya ware, ba ya zuwa ko'ina sai tsakanin tsohuwar da wata sabuwa mai riga-kafi a kunne, kuma duk zuwa sai an bincike shi. Wannan dabara ce mai kyau. Amma ni a ganina tsohuwar kwamfuta jirgin fito ce, a tsallaka da kaya a sauke, ba a gina ɗaki a cikinta ba. Duk aikin da sai ita ke buɗe shi, a buɗe yanzu a fitar da shi a tsarin da kowace kwamfuta ke karantawa, a ajiye kwafi biyu ko uku, ɗaya ma ba a cikin situdiyon ba. Kaset ɗin da ba su buƙatar tsohon katin kuwa, sabuwar kwamfutar tebur da katin FireWire na yau da kullum tana iya kwasar su, duk da cewa sababbin Premiere Pro sun cire ɓangaren kwasa daga kaset, sai an nemi wata 'yar manhaja daban.

Ya ce duk ya san wannan. Matsalar lokaci ne da wanda zai biya. MiniDV ba a yi masa gaggawa: kaset na minti 60 sai ya ci minti 60 cur yana juyawa, kuma ya cinye kusan gig 13. In kan na'urar ya yi datti a tsakiya, hoto ya yi layi-layi, sai a goge a koma farko. In aka ɗauke wuta, a koma farko. Shi kuma furodusa so yake a gama a mako guda, a kuɗin da ko man janareta ba zai saya ba.

A gabana aka saka na farko. Na'urar ta haɗiye shi da wata 'yar ƙara, allon ya yi shuɗi, can sai ga hoto ya fito tar, wata jaruma da yanzu jikoki gare ta tana gyara ɗankwali tana dariya, ba ta san an fara ɗauka ba. Furodusan ya matso da kujera bai ce uffan ba. Na ƙirga abin da ya rage a kwalin, kaset 43 ne. Baba ya ce in wuta ta yi kirki yana yin uku a rana.

Wayata kuwa a shagon mai shayi na ƙofar situdiyon na yi mata caji. Hirar furodusan tana nan tafe a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.